Gasar Intel da AMD: Inda ta shafi masu sayen kwamfuta daga Kazaure zuwa Babura

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 kamar yadda ya saba. Labarin bai ja hankali sosai ba a nan gida, amma ya taɓa kusan kowane shagon buga takardu da ofishin ƙaramar hukuma da ɗakin kwamfuta na makaranta a arewa maso yammacin Jigawa. Dalili kuwa shi ne, Windows 11 da ta gaje ta ba ta amincewa a hukumance da tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira firosesa. A ɓangaren Intel sai zubi na takwas zuwa sama, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Yawancin kwamfutocin gwanjo masu rahusa da ake sarowa daga titin Beirut a Kano ko kasuwar Ikeja a Legas sun girmi wannan iyaka.

Kazaure ba baƙuwa ba ce a harkar kwamfuta. Tun a 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a garin da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, a lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara tunanin abin ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafawa a Babura a 2021. Ɗalibai daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi na zuwa waɗannan makarantu, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama wa da yawansu kamar littafi da alƙalami. Don haka abin da ke faruwa tsakanin kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori magana ce ta aljihun iyaye da asusun gwamnati.

An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969, dukkansu a jihar Kalifoniya ta Amurka. Da kamfanin IBM ya zaɓi ƙwaƙwalwar Intel don kwamfutarsa ta 1981, bai yarda ya dogara da mai kawo kaya guda ba, wannan ya sa Intel ta ba AMD izinin ƙera irin tata. Daga nan zumunci ya koma kishi, kishi ya kai su kotu shekara da shekaru. A 2009 Intel ta biya AMD dala biliyan 1.25 domin a rufe ƙararrakin da ke zarginta da saye dillalai da ragi don su guji kayan abokiyar hamayyarta. Duk da haka Intel ta ci gaba da riƙe kasuwa, har AMD ta kusa durƙushewa.

Lissafin ya fara juyawa bayan Lisa Su ta karɓi ragamar AMD a 2014. Kamfanin ya fitar da Ryzen a 2017, kuma da yake ya riga ya rabu da masana'antunsa, sai ya koma bai wa TSMC na Taiwan aikin ƙira, a daidai lokacin da masana'antun Intel ke ta jinkiri wajen sabunta fasaharsu. A 2020 Apple ya fara janye kwamfutocinsa daga Intel zuwa ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa. A 2024 Intel ta tafka asarar kusan dala biliyan 19, Nvidia ta maye gurbinta a jerin manyan kamfanoni na Dow Jones, shugabanta Pat Gelsinger ya sauka a watan Disamba. A watan Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin, wata guda bayan haka Nvidia ta sanar da zuba masa dala biliyan 5. Kamfanin da a da ake tsoron ya haɗiye kasuwa, a 2025 shi aka tallabe kada ya faɗi.

Abin mamaki shi ne kasuwar arewacin Najeriya ba ta bi wannan sauyi ba. Har gobe mai saye yana shiga shago da kalma ɗaya a bakinsa, "Core i5" ko "Core i7", kuma idan aka miƙo masa mai tambarin AMD sai ya ɗaure fuska, ya ce tana zafi. Zargin yana da asali, domin wasu daga cikin ƙwaƙwalen AMD na kafin Ryzen sun yi suna wajen zafi da shan batir, kuma a yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, ba wanda zai zargi mutum don ya tsorata. Sai dai wannan suna na kayan shekaru goma da suka wuce ne. Hasali ma, Intel ce a 2024 ta amince da matsala a wasu manyan ƙwaƙwalenta na kwamfutar tebur na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara wa'adin garanti da shekara biyu.

Riƙo da suna kaɗai shi ne ramin da ake faɗawa. Sunan "Core i7" yana nan tun 2008, kuma ana manna shi a kan kayan da tsakaninsu akwai shekara goma sha biyar. Tsohuwar i7 ta zubi na huɗu ba ta kamo ƙafar sabuwar i3 ba a yawancin ayyuka, ga shi kuma ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba. Dillali ya san wannan, mai saye ne sau da yawa bai sani ba. Lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗin gaskiya: wadda aka rubuta i5-6300U zubi na shida ce, i5-8250U kuma na takwas. Bambancin lamba ɗaya a farko shi ne bambancin na'urar da ke da sauran rai da wadda aka riga aka yi wa sallama. Masu gyara na da dabarar cusa Windows 11 a kan tsofaffin na'urori, kuma takan yi aiki, amma Microsoft bai ɗauki alhakin ci gaba da aiko musu da gyaran tsaro ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne sayayyar gwamnati. Takardar kwangila da ta ce a kawo kwamfuta ɗari "Core i5" ba tare da ambaton zubi ba, ta buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo tsoho a farashin sabo, kuma bai karya ko harafi ɗaya na yarjejeniya ba. Ta kuma rufe ƙofa ga wanda zai kawo Ryzen mai ƙarfi ɗaya a farashi mai sauƙi. Turawa sun gano wannan tuntuni: a 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ƙalubalanci wasu ƙasashe mambobinta kan rubuta sunan Intel a takardun kwangilar gwamnati, maimakon fayyace ƙarfin aikin da ake buƙata. Jigawa na da hukumar tantance kwangiloli da ta daɗe tana aiki, kuma gyara irin wannan ba ya buƙatar kasafi, sai dai jami'in da ya san abin da yake rubutawa.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma tana neman aƙalla na'ura 250 kafin ta amince da cibiya. Gwamnatin Tarayya ta kuma bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Idan hakan ta tabbata, ƙananan hukumomi irin su Roni da Gwiwa ko dai su samu cibiyoyi a kusa, ko 'ya'yansu su riƙa tafiya Kazaure da sassafe. Duk mai shirin kafa irin wannan cibiya dole ya yi lissafin wuta kafin na na'ura, domin ɗaki mai kwamfuta 250 a inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, kan janareta ko hasken rana zai dogara. A nan 'yan watt ɗin da kowace ƙwaƙwalwa ke sha sukan taru su zama jarkokin man dizal ko ƙarin farantan sola. Wannan fanni na tsimin wuta shi ne inda gasar ta fi zafi a yanzu, kuma shi ne ya ba masu tsarin Arm, irin su Apple da Qualcomm, damar shigowa.

A gaskiya ma tsarin Arm ya riga ya ci kasuwar karkara ta bayan gida. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun 'yan kasuwar Babura da masu POS a Gwiwa, akasarinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ta Taiwan ko Unisoc ta Sin ke cikinsu. Intel ta gwada kasuwar waya ta janye.

Akwai masu fatan gasar za ta karya farashi, kamar yadda ta yi bayan fitowar Ryzen. Wannan fata na da rauni a halin yanzu. Hankalin kamfanonin ya koma kan manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira inda riba take, kuma wawason da waɗannan cibiyoyi ke yi ya tayar da farashin ma'adanar RAM a ƙarshen 2025. A gida kuma, tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta cinye duk wani ragi da aka samu a waje. Abin da ake hasashen zai yi arha shi ne tsofaffin na'urorin da ofisoshin Turai da Amurka ke zubarwa saboda Windows 11, kuma tashoshin ruwan Legas na cikin inda irin wannan kaya ya saba sauka. Microsoft ya buɗe wa masu amfani na gida shirin ƙarin gyaran tsaro na shekara guda ga wanda ya yi rajista, shi ma aka sanya wa'adinsa zuwa watan Oktoban 2026.