Tsakuwa ta fita, ciwo bai fita ba

Ranar zubin da ya wuce wata ƴar ƙungiya daga wajen Kalfu ta ja ni gefe, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ƴar tsakuwa kamar ƙwayar dawa. Da fitsari ta fito, bayan kwana 3 tana murƙususu. Yau mako 2 ke nan, har yanzu bayanta da kwiɓin dama suna ciwo, fitsari na zafi, bini-bini sai ta zaga. Maigidanta ya ce tunda tsakuwa ta fita magana ta ƙare, kada a ɓata kuɗi.

Allah ya huci zuciyar maigida, amma ban yarda ba. Hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara siririya ce. Tsakuwa tana kankarar ta in ta wuce, shi ya sa ciwon ƴan kwanaki ba abin tsoro ba ne. To amma mako 2 ya yi yawa. Ko akwai wata tsakuwar da ta maƙale, ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Abin da ya fi ba ni tsoro, ƙodar da aka toshe wa hanya tana iya daina ciwo alhali tana lalacewa a ɓoye. Awon fitsari da hoton ciki, wanda ake kira ekografi, su ne za su raba gardama, kuma ana yin su nan Tawa. Ta tafi da tsakuwar a nuna wa likita.

In masassara ta zo da rawar ɗari, ko amai, ko fitsari ya tsaya, ba a jiran kasuwar Lahadi. A nemi mota ran nan, ko da dare ne.

Ƙwayoyin ciwon baya na masu talla kuwa, irin su diclofenac, shan su kullum yana ƙara wa ƙoda wahala.

Na san halinmu. Ranar kasuwa muna ƙin shan ruwa don babu wurin zagawa, ga zafin Adar da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Tsakuwa kuma tana dawowa. A sha ruwa har fitsari ya yi fari, a matsa lemun tsami ciki, a rage gishiri da magi.

Ita dai ƴar'uwarmu, ƙungiyarsu ta ba ta kuɗin mota da na awo daga asusun taimako. Litinin za ta shigo gari.