Kafin ka tura yaronka Guangzhou

A Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre, tura yaro ƙasar Sin sayo kaya ya zama ruwan dare. A haɗa masa biza da tikiti, ya bi jirgin Habasha ta Addis Ababa, a miƙa masa lambar wani dillali a ce: "In ka sauka ka kira shi, zai yi maka komai." Ni a ganina wannan shiri bai isa ba. Mutumin da ba zai iya sayen ruwan sha ko hawa mota ba sai da ɗan rakiya, ba zai iya yi wa ubangidansa ciniki da idonsa ba. Inda aka kai shi nan zai saya, farashin da aka faɗa masa shi zai yarda da shi. Akwai dillalai masu amana, ban musa ba, amma amanarsu ba ta ɗauke wa baƙo nauyin sanin garin da ya shiga.

A fara da takardu, domin nan ne mutanenmu suka fi shan wuya. Dokar shige da fice da ta fara aiki a ranar 1 ga Yulin 2013 ta wajabta wa duk baƙo ya yi rajistar masaukinsa. In a otal ya sauka, su za su yi masa. In kuwa ɗakin ɗan'uwa ya raɓa a unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, inda 'yan Afirka suka fi yawa, sai shi ko mai masaukin ya kai fasfo ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Da yawa ba su san wannan ba sai ranar da suka je neman ƙarin wa'adin biza aka tambaye su takardar. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, tararsa yuan 500 ce a kowace rana har ta kai yuan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya hana shi dawowa na shekaru. Ba a roƙo, ba a "yallaɓai a yi haƙuri". Fasfo kuma a aljihu yake kwana, domin da shi ake sayen layin waya, da shi ake hawa jirgin ƙasa mai nisa, kuma ɗan sanda na iya neman ganinsa a kan titi.

Sai waya. Guangzhou gari ne da mai sayar da lemo a bakin hanya ma da waya ake biyansa, ta Alipay ko WeChat. Doka ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, amma sau da yawa mai shago ba shi da canji. Tun 2023 manhajojin biyu suna karɓar katin Visa da Mastercard na ƙasashen waje, suna cire kashi 3 cikin 100 idan cinikin ya haura yuan 200. Sai dai ba kowane katin naira ne ke aiki a waje ba, don haka a je banki a tabbatar tun ana gida. WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a kan layin ƙasar. Abin da ya kamata shi ne ubangida da uwar yaro da matarsa duk su buɗe WeChat kafin ya tashi. Ina jin tausayin iyayen da ɗansu zai sauka lafiya su kwana biyu ba su ji muryarsa ba, suna ta zullumi, alhali abin da zai hana wannan bai wuce zama na ɗan lokaci da waya ba. A tuna kuma ƙasar Sin tana gaba da Najeriya da awa 7.

Zirga-zirga ita ce mafi sauƙi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda aka buɗe a 1997, kuɗinsa daga yuan 2 yake farawa, kuma sunayen tashoshi a rubuce suke da boko ban da rubutun Sinanci. Tasi ana kiranta ta manhajar Didi, taswira kuma Amap. Babu acaɓa irin namu a tsakiyar gari, an hana babura tun 2007. Daga tashar Guangzhou ta Kudu jirgi mai gudu yana kai mutum Shenzhen, cibiyar kayan lantarki, cikin kusan rabin awa.

Abinci ne ke sa wasu su rame a banza, suna ta biredi da shayi don tsoron naman alade. Tsoron yana da dalili, domin man alade yana shiga girki da yawa ko da ba a ga nama ba. Amma a kusan kowace unguwa akwai gidan taliyar Lanzhou na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, galibi da koren allo a ƙofa, ga kuma gidajen abincin Uigur da na Larabawa a Xiaobei. Garin nan ya san Musulunci tun sama da shekara dubu, masallacin Huaisheng yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Ranar Juma'a baƙi sun fi cika masallacin da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wurin kabarin da mutanen garin ke jingina wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu a Baƙi'a ta Madina suka ce an binne shi. A wannan harabar baƙo zai haɗu da waɗanda suka riga shi zuwa, ya ji farashin kaya daga bakin da ba ya cin la'ada a kansa.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Baƙar fata tana fuskantar wulaƙanci a can. A Afrilun 2020, lokacin korona, an kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal har wasu suka kwana a titi, abin da ya sa kakakin majalisar wakilan Najeriya na wancan lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ransa. A 2024 hukumomin ƙasar sun umarci otal-otal su daina juya baƙi a bakin ƙofa, amma har yanzu hikima ce mutum ya tabbatar za a karɓe shi kafin ya biya. Takarda mai kyau ba ta kawar da wariya. Abin da take yi shi ne ta ba mutum bakin magana, ya iya kiran 'yan sanda a 110 ko ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke birnin ba tare da fargaba ba. Wanda bizarsa ta mutu, ko damfararsa aka yi, shiru zai yi.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki, su zaunar da duk sabon matafiyi su karantar da shi kafin a saya masa tikiti. Su kuma duba kalanda: lokacin baje kolin Canton, a Afrilu da Oktoba, kuɗin otal yakan yi tashin gwauron zabi, a bikin sabuwar shekarar Sinawa kuwa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi na makonni, yaro ya zauna yana cin kwanakin bizarsa ba tare da ya ga kaya ba.