Tsakanin Zaure da Cikin Gida: Ƙofa Mai Lamba 8009

Ɗalibin da ya taso daga Nahuce ko Tsafe ya cike takardar neman shiga makaranta ta intanet, ba ya ganin hannuwan da bayanansa suke ratsawa. A shafuka da dama da aka gina da harshen Java, manhajoji biyu ne ke aikin. Apache, wadda ta fito a 1995, ita ce mai zaure, tana tarbar baƙi tana miƙa hotuna da rubutun da ba ya canzawa. Tomcat kuwa, wadda kamfanin Sun ya miƙa wa gidauniyar Apache a 1999, tana cikin gida, tana lissafi tana tuntuɓar rumbun bayanai. Ɗan aiken da ke kai-kawo tsakaninsu shi ne mahaɗi, wato mod_jk ko mod_proxy_ajp. Da ka'idar AJP suke magana, ta ƙofa mai lamba 8009.

Ra'ayina shi ne, wannan mahaɗi ya cancanci darasi na kansa a sashen ilimin kwamfuta, kamar na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Dalili kuwa, Tomcat tana amincewa da duk saƙon da ya biyo ta ƙofar nan, domin ta ɗauka daga zaure ya fito. A watan Fabrairu na 2020 masu bincike na kamfanin Chaitin a ƙasar Sin suka bayyana ɓarakar da aka laƙaba wa Ghostcat. Duk wanda ya iske ƙofar a buɗe yana iya karanta fayilolin tsarin shafi, inda akan adana kalmomin sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu kula da Tomcat sun gyara, daga fitowa ta 9.0.31 ƙofar tana zuwa a rufe, kuma ana bukatar kalmar sirri tsakanin manhajojin biyu. Wani zai ce ai shi ke nan. To amma gyara ba ya amfanar wanda bai sabunta ba, ko wanda ya kwafo tsohon tsari bai san ma'anar layukansa ba.

Saboda haka, malamai su sa kowane ɗalibi ya haɗa manhajojin nan da hannunsa, ya tsare ƙofar ga Apache kaɗai, sannan ya gwada ƙwanƙwasa ta daga wata kwamfuta. Sunayen 'ya'yan talakawa da sakamakon jarrabawarsu amana ce a hannun wanda ya haɗa su.