Zinariyar da aka kama a Addis Ababa: shaidar da duwatsu za su iya bayarwa

A watan Janairun 2024 aka ji labarin kama zinariya kusan kilo 1,400 a filin jirgin saman Addis Ababa na ƙasar Habasha, wadda ta taso daga Yamai za a kai ta Dubai. An ƙiyasta kuɗinta da kimanin biliyan 60 na sefa. Hukumomi sun buɗe bincike, muhawara kuma ta tsaya kan wanda ya sa hannu a takarda da wanda ya kau da kai a filin jirgi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: daga wane rami aka haƙo ta?

Masana ilimin duwatsu na iya taimakawa a nan. Zinariya ba ta fitowa daga ƙasa zalla. Tana tafe da azurfa da tagulla da dalma da wasu ƙarafa 'yan kaɗan, kuma yawansu ya danganta da irin dutsen da ta kwanta a ciki. A ɗakin gwaji, ana ƙona ɗan wurin da bai kai kan allura ba da hasken leza, na'ura ta auna abin da ya tashi. Sakamakon kamar zanen yatsa ne. Ta haka ana iya gwada ko ta Komabangu da Samira ce a yankin Liptako, ko ta Djado da Tchibarakaten, inda aka yi ta tururuwa tun 2014.

Sai dai zanen yatsa ba ya kama ɓarawo in babu wanda za a gwada shi da shi. Shi ya sa dokar Afirka ta Kudu ta 2005 ta wajabta wa masu haƙar ƙarafa masu daraja su riƙa miƙa samfuri ga ɗakin binciken 'yan sanda. 'Yan sandan tarayyar Brazil ma suna tara samfuri don gane zinariyar da ake haƙa ba bisa ƙa'ida ba a dajin Amazon. Akwai kuma cikas: in aka narka zinariyar wurare da dama a tukunya guda alamar takan dagule, in aka tace ta sosai kuma kusan duk ta gushe. Ke nan a bakin rami ya kamata a ɗauki samfuri, kafin kaya su isa hannun dillali.

Maganar ta shafi Adar kai tsaye. Matasan jihar Tahoua na cikin masu tafiya ci-rani wuraren haƙar, su ne ke shiga rami, amma ba su ne ke loda kilo dubu a jirgi ba. Binciken da bai san asalin kaya ba yakan ƙare kan ƙaramin mai laifi.

Ƙasar Adar ita ma shaida ce. A zamanin da can teku ya taɓa rufe wannan yanki, shi ya bar farar ƙasar da masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki da ita, da fosfat na kewayen Tahoua. Cikin waɗannan duwatsu akwai ɓurɓushin halittun ruwa da sai madubin ƙara girma ke nunawa. Saboda haka laka da ta manne a tayar babur daga fakon Bambeye ko tsaunukan Keita ba za ta yi kama da rairayin Azawak ba. Ga jandarman da ke bin sawun satar dabbobi ko fashi a hanya, wannan na iya ƙaryata mai cewa bai taɓa taka wurin ba. Ba za ta ce shi ya yi laifin ba, alƙali ne zai haɗa ta da sauran hujjoji.

Masanan akwai su: makarantar EMIG da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai suna horar da su shekara da shekaru, kamfanin SOPAMIN kuma na cikin harkar ma'adinai. A ganina, abin da ya rage wa magabata shi ne dokar da za ta tilasta ajiye samfurin kowane wurin haƙa, da koya wa jami'in da ya fara isa wurin laifi ya kankare lakar taya ya rufe ta a leda kafin a wanke babur ɗin.