Simintin ƙarfen haƙori ba ya maye gurbin buroshi

Wasiƙar wannan makon daga nan cikin Gadarif ta fito, daga wata baiwar Allah da maigidanta ke harkar riɗi. Ta ce an sa wa 'yarta ƙarfen daidaita haƙora, wanda a nan ake kira takwim, a Khartum, 'yan watanni kafin yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Suka baro gari, likitan ma ya kama gabansa, ƙarfe kuwa yana nan a bakin yarinya. Yanzu ta lura da wani fari-fari kamar alli a gefen ƙarfen. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ranar da aka sa, an gaya mata simintin da aka liƙa shi da shi yana ɗauke da maganin da ke hana haƙori ruɓewa. To ina maganin ya tafi?

Hajiya, ba ƙarya aka yi miki ba, rabin zancen dai aka ba ki.

Simintin da ake magana sunansa gilas ayonoma. Wasu masana biyu a Landan, Alan Wilson da Brian Kent, su suka haɗa shi, suka bayyana shi ga likitocin haƙori a 1972. Garin gilashi ne mai ɗauke da sinadarin fuloraid, a kwaɓa shi da wani ruwa mai tsami, ya daskare a jikin haƙori. Daga nan sai ya riƙa tsatso fuloraid ɗin cikin miyau, shi kuma ya ƙarfafa fatar haƙori ta yadda tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa ba zai cinye ta da wuri ba. Abu ne mai amfani ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna a 2021.

Sai dai yadda yake sakin maganin ne ba a cika bayyana wa iyaye ba. A yini ɗaya ko biyun farko yake zubo mafi yawa, kamar buhun da aka farke. Daga nan abin ya yi ƙasa sosai cikin 'yan makonni, ya koma ɗigo-ɗigo. Kuma ɗigon nan iyakarsa wurin da simintin ya taɓa da ɗan kewayensa.

Ga kuma wani abu. Galibi zoben da ake zura wa turamen baya shi ake liƙawa da wannan siminti. Ƙananan ƙarafan da ke kan haƙoran gaba, yawancin likitoci da wani gam na roba suke manna su domin ya fi riƙo, shi kuwa fuloraid ɗin da yake saki kaɗan ne, wani ma babu. Haƙoran gaba na sama kuwa su ne farin tabon ya fi kamawa, can kusa da dasashi inda buroshi ke tsallakewa. Tabon nan farkon ruɓa ne, kuma yana iya bayyana cikin wata guda a bakin da ba a gogewa da kyau, balle shekaru.

Abin da na fi so a simintin nan shi ne yana sake cika. Duk lokacin da man goge baki mai fuloraid ya taɓa shi, yakan tsotsi wani abu ya ajiye, ya riƙa saki a hankali. Mu 'yan kasuwa mun san jarin da ake ci ba a ƙarawa. Don haka a duba bayan kwalin man kafin a saya, a nemi lamba tsakanin 1,000 da 1,500, ita ce ma'aunin fuloraid ɗin da ke ciki. A goge sau biyu a rana, musamman kafin barci, a bi sama da ƙasan wayar. In an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don kurkurewa ke wanke maganin. Aswaki yana da kyau, ban hana ba, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, kuma ba zai cika simintin ba.

Sai shayi. Na san a nan zan ɓata wa wasu rai. Yaron da ke zaune a rumfa yana kurɓar shayi mai sukari tun safe har la'asar, da alawar riɗi a tsakani, bakinsa ba ya hutawa daga tsami. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin ɓarna. A haɗa zaƙin da cin abinci, a bi da ruwa.

Wasu iyayen kuma tsoronsu daban ne, sun ga yaran wasu ƙauyuka da jajayen haƙora saboda ruwan rijiya mai yawan fuloraid. Wancan yana faruwa ne tun haƙora suna ginuwa a cikin dasashi, kafin yaro ya kai kamar shekara 8. Simintin da ke bakin budurwa ba zai jawo shi ba.

Game da 'yarki, Hajiya, kada ki jira komawa Khartum. A ƙa'ida ana duba ƙarfen nan duk bayan mako 4 zuwa 8. Ki kai ta wurin duk likitan haƙorin da kika samu a cikin gari, ko da ba ƙwararren takwim ba ne, ya taɓa zoben baya ya ga ko yana motsi. Zoben da simintinsa ya narke ya fi komai haɗari, abinci na maƙalewa a ƙarƙashinsa, haƙori ya ruɓe ba a gani sai ciwo ya tashi. Kada a liƙa shi da gam ɗin kasuwa, kada kuma a fizge shi a gida. In likita ya ga babu halin ci gaba da aikin yanzu, ya ce a cire, ki yarda. Haƙora za su iya ɗan komawa yadda suke, amma ana iya sake daidaita su ko tana da shekara talatin. Farin tabon kuwa, in bai zama rami ba, akwai man fuloraid mai ƙarfi da likita ke shafawa ya tsayar da shi, ki tambaya a shafa mata a zuwan farko.