Kallon-Rana Ba Wake Ba Ne

Manomin Gafasa da ya saba yi wa wake feshi da zarar ya yi fure, zai tafka asara idan ya yi wa kallon-rana haka. Wannan tsiro mai ba da mai, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irinsa, SAMSUN, ƙudan zuma ne ke yi masa barbara. Da furen ya buɗe sai ya daina bin rana, ya fuskanci gabas; binciken 2016 a Amurka ya nuna ɗumin safiya ke jawo masa ƙudan. Wanda ya kashe su, ƙaiƙayi zai girbe. Gara a duƙufa wajen korar tsuntsaye har bayan kan ya yi ruwan ɗorawa, sannan a yanke, a shanya.