Hanci Kaɗai Ba Zai Cece Mu Ba



Da yawa daga cikinmu, idan an tashi makaranta, wani aikin ke jiranmu. Wannan zai tsaya wa yayansa a teburin bumburutu yana ɗura fetur a galan. Wancan zai goya famfon feshi zuwa gonar shinkafa a filayen noman rani na Bakolori, waɗanda suka ratsa Talata Mafara, Bakura da Maradun. Wasu kuma suna taya iyaye zuba fiya-fiya a buhun wake. Duk waɗannan abubuwa suna fitar da tururin da ido ba ya gani, amma huhu na sha.

Mun saba cewa, "Ai in da illa, da na ji wari." Nan ne kuskurenmu. Hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintuna, sai mutum ya ɗauka iska ta gyaru, alhali gubar tana nan. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda yawan shaƙarsa ke iya jawo sankarar jini. Fiya-fiya kuwa, saboda yawan sinadarinsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Masana sun ƙera abin da suke kira hancin lantarki. A 1977 Hideki Shirakawa, Alan Heeger da Alan MacDiarmid suka nuna cewa ana iya sa wani nau'in roba ya ɗauki lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 1991 kuma Sumio Iijima na Japan ya bayyana wasu ƙananan bututun kabon da suka fi gashin kai siriri sau dubbai. Idan aka cakuɗa waɗannan bututu da roba, aka shafa a kan ɗan allo mai waya biyu, tururin da ya sauka a kai yakan sa robar ta ɗan kumbura. Daga nan ƙarfin wutar da ke ratsawa ya canza, na'ura ta auna, ta yi gargaɗi.

Wani zai ce wannan zancen ƙasashen waje ne, kuma na'urar ma tana da nata rauni, domin laimar iska kan rikita ta. Gaskiya ne. Amma wa ya fi mu buƙatarta? Wa zai gwada ta a zafin bazara da damshin fadamarmu idan ba 'ya'yan nan ba? Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Darasin lantarki da muke hamma a kansa shi ne matakin farko.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya su ware darasi guda kan tururin da muke shaƙa a gida da gona. Mu kuma, kafin na'ura ta iso, mu daina zuƙo fetur da baki. Kada mu yi feshi muna fuskantar iska. Mu ba iyayenmu shawarar ajiye wake a buhun PICS mai rufi uku, wanda ba ya buƙatar magani.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta